Kifin da ke Gadin Sheƙarsa

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Alabama. Wani babban kogi mai suna Tenesi ya ratsa ta arewacinta. A shekarar 1935 aka fara gina madatsar ruwa a kan kogin nan, kusa da wani gari wai shi Guntersville, aka gama a 1939. Da ruwa ya sami abin da ya tare shi, sai ya taru, ya malala bisa gonaki da kurmi, ya zama tabki mai tsawon wajen mil 75. Duk jihar babu tabkin da ya kai shi girma. Amma ba girmansa ne ya jawo masa suna ba. Abin da ke kawo mutane gare shi daga nesa wani kifi ne da ake kira bas. Kada ku ɗauka bas ɗin da ake shiga a tasha ake nufi. Sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Siffar Kifin

Bayan bas kore ne mai duhu, cikinsa fari, da wani baƙin zane da ya taso daga kai har wutsiya. Abin da aka fi saninsa da shi bakinsa ne. In ya rufe shi, tsagar bakin takan wuce bayan idonsa. In kuwa ya buɗe, babba daga cikinsu dunƙulen hannun mutum na iya shiga. Yawancin waɗanda ake kamawa nauyinsu daga rabin kilo ne zuwa kilo 2, ko da yake akwai waɗanda suka fi haka ƙwarai. Manyan cikinsu kuwa kusan duk mata ne.

Bas mafarauci ne. Abincinsa ƙananan kifaye, da kwaɗi, da ƙwari, da wani irin jatan lande na ruwan daɗi. Ba ya son wahalar bin abinci da gudu mai nisa. Sai ya laɓe a gindin kututture, ko cikin ciyawar ruwa, ya yi shiru. Da abin tsautsayi ya gifta, sai ya zabura, ya wangame baki, ya zuƙe shi tare da ruwan da ke kewaye da shi. Tabkin Guntersville yana da ciyawa da yawa, ga kututturan itatuwan da aka sare kafin ruwa ya zo. Saboda haka wurin ya karɓi kifin nan sosai.

Sanyi da Ɗumi

Shekarar mutanen Amurka kashi huɗu ce, ba ta yi daidai da rani da damina na ƙasar Hausa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana sanyi wanda ya fi na hunturu nesa ba kusa ba. Itatuwa sukan zubar da ganye, a arewacin ƙasar ma tabkuna sukan daskare har mutum ya taka bisa ruwa. Daga Maris kuwa sai yini ya riƙa ƙara tsawo, rana ta ƙara ƙarfi, itatuwa su yi toho. Masu fassara sukan kira wannan lokaci bazara. To, amma ku lura, ba bazara ce mai zafi da gumi ba. Lokaci ne da sanyi ke janyewa, ɗumi na shigowa, watau watannin Maris da Afrilu da Mayu.

Me ya haɗa wannan da kamun kifi? Ga dalili. Jikin mutum yana riƙe da zafinsa, wajen digiri 37 a ma'aunin Salsiyas, ko ana sanyi ko ana zafi. Kifi ba haka yake ba. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. In ruwa ya yi sanyi, sai jikin bas ya mutu, ya sauka can ƙasa cikin zurfi, ba ya motsi da yawa, ba ya cin abinci sai kaɗan. In ruwa ya soma ɗumi, sai ya farfaɗo da yunwa, ya nufo gaɓa.

Ba ko'ina ne ruwan tabki ke yin ɗumi lokaci ɗaya ba. Wurin da ba shi da zurfi shi ke riga, kamar yadda ruwan tasa ke riga ruwan randa yin zafi in an ajiye su a rana. Har yanzu kuma, a Amurka rana takan karkata wajen kudu, iska mai sanyi kuwa daga arewa take busowa. Don haka lungunan da ke gaɓar arewa su suka fi samun hasken rana, su ne kuma tudu ya kare daga iska. Masunci mai lura can yake fara dubawa. Da yawa daga cikinsu ba su fita sai da ma'aunin zafi, domin ruwa ya fi kalanda faɗin gaskiya a kan lokacin da kifi zai zo.

Sheƙar Bas

Ba yunwa kaɗai ke kawo bas bakin gaɓa ba. In ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 16 zuwa 18, lokacin hayayyafa ya yi. Namiji shi ke fara isowa. Yakan zaɓi wuri mai yashi ko tsakuwa, inda zurfin ruwa bai cika wuce ƙugun mutum ko ƙirjinsa ba, galibi kusa da kututture ko ciyawa. Sa'an nan ya dinga kaɗa wutsiya yana share laka, har ya yi ɗan gurbi kewayayye kamar babban faifai. Wannan ita ce sheƙarsa.

Da ya gama sai mace ta zo ta zuba ƙwai, dubbai a lokaci guda. Ba ta daɗewa sai ta koma cikin zurfi, ta bar namiji da aiki. Shi ne zai tsaya bisa ƙwan dare da rana. Yana yi musu fifita da fikafikansa don laka kada ta rufe su, don kuma sabon ruwa ya riƙa ratsa su. Cikin 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe. In ruwa ya fi ɗumi, su fi saurin fitowa. Bayan haka ma ba ya tafiya. 'Ya'yan sukan taru wuri ɗaya kamar baƙin hayaƙi cikin ruwa, shi kuwa yana kewaya su har su yi ɗan wayo su watse. Duk tsawon wannan lokaci ba ya cin abin kirki, har ya rame.

Gadin nan ba na banza ba ne. Akwai waɗansu ƙananan kifaye masu faɗi kamar tafin hannu, sun yi kama da karfasa, ba abin da suke so kamar ƙwan bas. Kullum suna nan gefe suna jira. Muddin uban yana nan, ba mai iya matsowa. Duk abin da ya faɗo cikin sheƙa, ko ba ya jin yunwa sai ya kai masa cafka, ko ya ɗauke shi da baki ya fitar waje. Wannan hali shi ke tsare 'ya'yansa, shi ne kuma ke jefa shi a hannun masunta. Ba lokacin da bas ya fi sauƙin samu kamar bazara.

Jirgi da Kayan Aiki

Akwai masu kuɗi da ke zuwa da manyan jirage masu gudu kamar mota. Amma ba lalle sai da su ba. Mutane da yawa ɗan ƙaramin jirgi gare su, na gorar ruwa, mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa ƙafa 12 ko 14. Mutum biyu suna iya ɗaga shi su ɗora a bayan mota. Da yake ba ya nitsewa cikin ruwa da yawa, yana shiga lungunan da babban jirgi ba ya iya kai wa. Ana tuƙa shi da filafili, ko da ɗan inji mai aiki da batir wanda ba ya ƙara.

Ba a kama bas da taru ko koma, doka ma ta hana. Da fatsa ake kama shi. Sandar fatsar ta kai tsayin mutum ko ta ɗan fi, siririya ce mai lanƙwasa. A gindinta akwai wani ɗan keke mai naɗe zare, kamar ƙwarƙwaron masaƙa, wanda ake juyawa da hannu. Da shi mutum ke iya wurga ƙugiya nesa, ya kuma jawo ta a hankali.

Abin mamaki shi ne koton. Yawancin masu neman bas ba su sa abinci na gaske a ƙugiya. Sukan sa abin da aka ƙera ya yi kama da ɗan kifi, ko kwaɗo, ko tana. A shekarar 1949 wani mutumin jihar Ohayo mai suna Nick Creme ya fara yin tana ta roba mai laushi, har yau kuwa tana cikin koton da aka fi amfani da shi. Akan cusa tsinin ƙugiya cikin jikin tanar don kada ya sarƙe a ciyawa, a sa 'yar dalma a gabanta don ta nitse.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a fita sai da su. Na ɗaya takardar izni, wadda babban mutum ke saya daga hukumar jiha. Kuɗin da aka tara da shi ake kula da kifi da tabkuna. Na biyu rigar da ke hana nitsewa. Doka ta ce kowane mutum da ke cikin jirgi a tanadar masa tasa. Ruwan bazara yana da sauran sanyi, wanda ya faɗa ciki kuwa, ko ya iya iyo, hannuwansa sukan sandare da sauri.

Wata Safiya a Tabki

Ga misalin yadda abin yake. Wata Asabar cikin Afrilu, wani mutum ya fita da ɗansa mai shekara goma sha biyu tun gari bai gama wayewa ba. Suka tura jirgi, suka sa rigunansu, uban ya zauna a baya yana tuƙi. Hazo na kwance bisa ruwa. Da suka kusa wani lungu a gaɓar arewa, yaron ya jawo akwatin ƙugiyoyi da ƙafa, ya yi ƙara a gindin jirgi.

Uban ya ce, "Sannu dai, yaro. Ka sanar da duk kifin da ke lungun nan mun iso."

Yaron ya ce, "Baba, kifi yana da kunne ne?"

Ya ce, "Yana da shi a cikin kai. Ban da wannan, akwai wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi. Ƙara kuwa ta fi gudu cikin ruwa bisa cikin iska har fiye da sau huɗu."

Suka dakata har ruwa ya kwanta. Da rana ta ɗaga, uban ya juya jirgin yadda inuwarsu ba za ta faɗa gabansu ba. Hausawa sun ce, kifi na ganinka, mai jar koma. A ruwa mai haske maganar nan gaskiya ce. Ya miƙa wa yaron wani tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Yaron ya duba, sai ga wani farin kewaye a ƙasa kusa da kututture, da wata inuwa doguwa tsaye a bisansa.

Ya wurga tanarsa ta wuce wurin, ya jawo ta kaɗan kaɗan har ta shiga kewayen. Kifin ya juyo, ya sunkuyar da kai, ya tsaya yana kallonta. Yaron ya ɗan girgiza sandar. Sai ya ga zaren yana tafiya gefe shi kaɗai. Ya fizga. Nan take sanda ta lanƙwashe, kifin ya yi tsalle sama da ruwa, baki buɗe, yana kaɗa kai don ya yar da ƙugiya.

Uban ya ce, "Kada ka tashi tsaye, jirgi zai kife. Kada kuma ka bar zare ya yi sako-sako. In ya ja, ka bar shi. In ya gaji, ka naɗe."

Haka aka yi har kifin ya zo gefen jirgi. Uban ya jiƙa hannunsa, ya kama leɓen kifin na ƙasa da babban yatsa, ya tallafi cikinsa da ɗaya hannun. Haƙoran bas ƙanana ne, kaushinsu kamar na magagari, ba su yanka mutum. Yaron bai taɓa kama wanda ya kai wannan ba. Ya ce, "Baba, mu kai shi gida Inna ta gani!"

Uban ya ce, "Ya wuce tsawon da doka ta sa, kai kuma ka kama shi. Ba wanda zai hana ka. Amma kafin ka yanke shawara, dubi inda ya fito."

Yaron ya duba. Ashe tun kifin bai iso jirgi ba, ƙananan kifayen nan masu faɗi sun riga sun cika sheƙar. Kowanne ya kafa kai ƙasa yana tsattsagar ƙwai, kamar kaji sun sami tsaba.

Yaron ya yi shiru. Can ya ce, "In mun sake shi, zai koma?"

Uban ya ce, "In an yi sauri, kuma a nan kusa, yawanci yakan koma. In an daɗe, ko ya koma ba zai tarar da kome ba."

Yaron ya ce, "To, cire ƙugiyar, Baba."

Uban ya cire, ya sa kifin cikin ruwa a hankali, ya riƙe shi har ya kaɗa wutsiya ya suɓuce. Suka ja da baya suka zuba ido. Jim kaɗan sai ga inuwar nan ta komo, ta kai gwauro ta kai mari, ɓarayin ƙwai suka watse. An yi ɓarna, amma da saura.

Ba su koma gida hannu banza ba. Uban ya ɗauko ƙananan ƙugiyoyi da tana ta gaske, suka koma wani gefe suka kama kifayen nan masu faɗi, waɗanda suke da yawa a tabkin, ga su kuwa da daɗin suya. Da azahar hadari ya taso daga yamma. Uban bai jira ba, ya kwantar da sandunan, ya nufi gaɓa, domin mai riƙe da doguwar sanda a tsakiyar ruwa shi tsawa ta fi kusa da shi.

Da da Yanzu

A da, wanda ya kama bas tukunya yake kai shi. Ran 2 ga Yuni, 1932, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya ga ruwan sama ya hana shi shiga gona. Sai shi da abokinsa suka ɗauki ɗan jirgin katako suka tafi wani ƙaramin tabki a jihar Jojiya. A can ya kama bas mai nauyin laba 22 da oza 4, watau kilo 10 da 'yan kai. Aka auna shi a gidan waya, sa'an nan ya kai shi gida iyalinsu suka ci, gama lokacin ana cikin matsin tattalin arziki. Shekara 77 aka yi ba a rubuta wanda ya kai wannan kifi ba, sai a 2009 wani mutumin Japan, Manabu Kurita, ya kama kamarsa a tabkin Biwa na ƙasarsu, inda aka kai irin kifin daga waje.

Ba wanda zai ga laifin Perry. Abinci ya fita nema. Amma daga baya masu fatsa suka yi yawa, har miliyoyi, kayan aikinsu kuma suka ƙara kyau, aka kuma shiga yin gasa. Wani mutumin Alabama, Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu kamun bas a 1968, ya ga in kowace gasa za ta ƙare da tulin matattun kifaye, wata rana tabkuna za su ƙare. A 1972 ya fara kiran masu gasa su riƙa ajiye kifinsu da rai, a auna, a mai da shi ruwa. Sannu a hankali al'adar ta bazu, har ya zama yawancin bas da ake kamawa a Amurka sakinsa ake yi.

Hukumomi ma sun sa dokoki. A tabkuna da yawa an ƙayyade tsawon kifin da za a iya ɗauka, da yawan da mutum ɗaya zai ɗauka a yini. A arewa, inda lokacin ɗumi gajere ne, kifi kuma ba ya saurin girma, an fi tsanantawa. A jihar Niyok, misali, a yawancin ruwaye ba a ɗaukar bas zuwa gida sai tsakiyar Yuni, bayan ya gama renon 'ya'yansa. A Alabama kuwa doka ba ta rufe bazara ba. A can, abin da zai sami kifin da ke gadin sheƙa yana hannun wanda ya kama shi.

Sanin halin kifi shi ke nuna wa masunci inda zai jefa ƙugiya. Sanin nan kuma shi ne ke nuna masa kifin da ya kamata ya ɗauka, da wanda ya kamata ya mayar. Yaron nan ya koyi duka biyu a safiya ɗaya. In ya sake zuwa lungun bayan shekara uku ko huɗu, mai yiwuwa ne kifin da zai ja zarensa yana cikin ƙwan da suka tsira ran nan.

Tambayoyi

1. Yaya aka yi tabkin Guntersville ya samu, kuma a wace shekara aka gama madatsarsa?
2. Me ya bambanta bazarar Amurka da ta ƙasar Hausa?
3. Don me bas ke barin zurfi ya zo bakin gaɓa in ruwa ya yi ɗumi? Kawo dalili biyu.
4. Faɗi ayyuka uku da namijin bas ke yi tun daga gyaran sheƙa har 'ya'ya su watse.
5. Me ya sa uban ya hana ɗansa yin ƙara, ya kuma hana shi tashi tsaye?
6. Da kai ne yaron, me za ka yi da kifin? Rubuta jimloli biyar ka bayyana dalilinka.